Mata ke zanawa, mata ke saye: me ya sa labaran BL na Japan suka yi farin jini?

A unguwar Ikebukuro da ke birnin Tokyo akwai wani ɗan titi da ake kira Otome Road, wato titin 'yan mata. Cikin hajar da ta fi tafiya a shagunansa akwai littattafan zane, waɗanda Japanawa ke kira manga, masu ba da labarin soyayya tsakanin namiji da namiji. Wanda ya ji haka daga nesa zai ɗauka maza masu neman maza ne ke cinikin wurin. Da zai leƙa, mata zai tarar: ɗalibai, ma'aikatan ofis da suka biyo bayan an tashi aiki, matan aure, har da waɗanda furfura ta fara fito wa. Masu zana labaran ma mafi yawansu mata ne. Sunan da kasuwa ta tsayar wa wannan fanni tun shekarun 1990 shi ne Boys' Love, ana taƙaita shi da BL.

Na san matsayin mafi yawan masu karanta wannan rubutu a kan soyayyar jinsi ɗaya: addini ya hana, al'ada ta ƙi, a Najeriya kuma akwai dokar 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya. Ba wannan muhawarar na zo buɗewa ba. Tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce, me ya sa ɗimbin mata, waɗanda da yawansu maza suke so kuma maza suke aure, suka shafe sama da shekara hamsin suna rubuta wa junansu labarin soyayyar da babu mace a cikinta? A ganina amsar tana jikin matan ne, ba jikin mazan da aka zana ba.

Kafin shekarun 1970, mujallun zane na 'yan mata a Japan maza ne suka fi cika su da aiki. Labaran kuwa na marainiya ce mai haƙuri, ko yarinya mai koyon rawa, ko ɗiyar da aka raba da uwarta. Sai wasu matasan mata suka shigo sana'ar, waɗanda aka haifa a wajejen 1949. Wannan shekara ita ce ta 24 a lissafin zamanin Sarki Showa, shi ya sa daga baya aka laƙaba musu suna 'yan rukunin shekara ta 24. Biyu daga cikinsu, Keiko Takemiya da Moto Hagio, sun kama gida ɗaya a unguwar Oizumi a farkon shekarun 1970, gidan ya zama majalisar masu zane mata. A nan suke karanta adabin Turai, musamman littattafan marubucin Jamus Hermann Hesse, suna kallon finafinan Faransa, suna neman hanyar da za su faɗi abin da mujallar 'yan mata ba ta taɓa faɗa ba. A 1970 Takemiya ta fitar da wani gajeren labari da ake ɗauka shi ne na farko a wannan fanni. A 1974 Hagio ta fara Toma no Shinzo, wato zuciyar Thomas, a wata makarantar kwana ta Jamus. A 1976 kuma Takemiya ta fara Kaze to Ki no Uta, waƙar iska da bishiyoyi, a Faransa ta ƙarshen ƙarni na 19, bayan editoci sun yi shekaru suna ƙin bugawa. Sai da ta yi wani labarin daban ya karɓu, ta samu bakin magana, sannan aka ba ta fili. Labarin ya gudana har 1984.

Akwai wani abu da ya faru da Hagio wanda nake ganin shi ne mabuɗin maganar gaba ɗaya. Lokacin da take ƙulla labarin makarantar kwanan nan, ta gwada mayar da shi makarantar mata. Labarin ya ƙi tafiya. Da zarar jaruma ta zama yarinya, sai duk ƙa'idodin da aka ɗora wa 'ya mace su biyo ta cikin takarda: yadda za ta zauna, yadda za ta yi magana, abin da bai kamata ta furta ba. Da ta mayar da su maza sai alƙalami ya sake. Wato ba halayen maza ta je nema ba. Wuri ta je nema inda za ta yi maganar so, da kishi, da laifi, da imani, ba tare da an ce mata mace ba ta haka ba. Shi ya sa ma aka kai labaran Turai, aka ba jaruman dogon gashi da manyan idanu, siffar da ba ta namiji sosai ba, ba ta mace sosai ba. Nisa ake so, daga Japan da kuma daga jikin mace.

Ido ya riga ya saba da irin wannan sauyin riga a Japan. Ƙungiyar wasan Takarazuka, wadda ta fara nuna wasa a 1914, mata ce zalla, kuma matan da ke fitowa a matsayin maza su ne taurarin da mata 'yan kallo suka fi ƙauna. A wasan kabuki akasin haka ne, maza ke fitowa a matsayin mata. Tsohon adabinsu ma bai ɓoye soyayyar maza ba, domin Ihara Saikaku ya wallafa littafi guda a kai a 1687. Amma kuskure ne a ja zare kai tsaye daga can zuwa BL. Wancan maza ne suka rubuta wa maza. Wannan kuwa daga ɗakin mata ya fito.

To me mai karatu ke samu? A duba labarin soyayya na namiji da mace a Japan ta wancan lokaci. Duk yadda ya kai ga daɗi, an san inda zai ƙare: aure, ajiye aiki, shiga gidan miji, hidimar iyayensa idan sun tsufa. Tun zamanin Sarki Meiji, a ƙarshen ƙarni na 19, ake karantar da 'yan mata cewa burin mace shi ne ta zama matar kirki kuma uwa mai hikima. Dokar daidaita damar aiki tsakanin maza da mata sai a 1985 aka yi ta. Har yau dokar ƙasar ta wajabta wa ma'aurata su ɗauki sunan iyali ɗaya, kuma kusan 95 cikin 100 matar ce ke barin nata. A shekarun 1980 har wani baƙin wasa ake yi, ana kwatanta budurwa da kek ɗin Kirsimeti, wai kamar yadda kek ke zama kwantai bayan 25 ga Disamba, haka budurwa bayan shekara 25. Yarinyar da ta tashi cikin wannan, idan tana karanta labarin jaruma mace, ba ta iya mantawa da kanta. Tana auna kyawunta da na jarumar, tana jin tsoron abin da zai same ta, tana sane da cewa kowane mataki da jarumar ta ɗauka a soyayya yana da farashi: ciki, zubewar suna, gorin dangi.

Idan masoyan biyu maza ne, duk wannan kaya ya sauka. Babu zancen ciki, babu uwar miji, babu wanda zai ajiye aikinsa don ɗayan. Likita da lauya, ko 'yan wasa biyu masu hamayya, suna iya son juna kowa na riƙe da matsayinsa a duniya. Mai karatu tana da zaɓin da labarin namiji da mace ba ya ba ta: ta shiga rigar wanda ke nema, ko ta wanda ake nema, ko ta ƙi shiga ta kowa. Masu karatun suna da wata magana da suke yawan yi, cewa burinsu su zama bangon ɗakin. Ba su son a so su a cikin labarin, so suke su ga ana so, su kuma suna gefe babu mai kallonsu, babu mai auna su. Ga macen da tun tana ƙarama ake kallonta ana yanke mata hukunci, zama mai kallo hutu ne babba. Kuma namijin da take kallo a nan yana kuka, yana jin kunya, yana kwana bai yi barci ba saboda kalma ɗaya da aka faɗa masa. Namiji ne da aka cire masa sulke.

Akwai kuma dalili na sana'ar ƙirƙirar labari. Soyayya ba ta zama labari sai da shinge. A da iyaye ne shingen, ko bambancin asali, ko yaƙi. Da auren haɗi ya ja baya a Japan, shingayen suka yi ƙaranci, marubuci ya rasa abin da zai hana saurayi da budurwa haɗuwa tun shafi na goma. Soyayyar maza biyu ta zo da shingenta a jikinta: tsoron furtawa, tsoron rasa abota, idon jama'a. Daga nan ne wata jimla ta zama ruwan dare a tsofaffin labaran, inda jarumi zai ce shi ba mai neman maza ba ne, wannan mutum ɗaya kawai yake so. Ga mai karatu, wannan shi ne ƙololuwar so, a zaɓe ka don kai ne, ko da duniya da ɗabi'a sun ce a'a. Wannan jimlar za ta jawo rigima daga baya.

Wanda ya san tarihin littattafan soyayya na Kano zai ji wani abu ya yi masa kama. Tun shekarun 1980 mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa suka mayar da labarin soyayya wurin tattauna auren dole, kishiya, saki da karatun 'ya mace, manya kuma suka yi ta kallon littattafan a matsayin shirme mai ɓata tarbiyya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, a Kano ko a Tokyo. Bambancin yana hanyar da aka bi. Marubutanmu sun tsayar da mace a tsakiyar labari suka yi maganar a fili. Na Japan sun fitar da ita daga labarin, suka yi maganar da zaurance.

Abin da ya mayar da wannan zaurance kasuwa kuwa ba manyan kamfanoni ba ne, masu karatu ne da kansu. A Disamban 1975 aka yi taron farko na Comiket a Tokyo, kasuwar da masu zane 'yan sa-kai ke sayar da ƙananan littattafan da suka buga da kuɗinsu. Rukuni 32 ne suka baje kaya, mutum kusan 700 suka halarta, mafi yawansu 'yan mata. A taron Disamban 2019 an ƙirga shigar mutum 750,000 cikin kwana huɗu. A 1978 aka kafa mujallar June don irin waɗannan labarai kaɗai. A shekarun 1980 kuma 'yan mata suka fara ɗaukar jaruman labaran samari, musamman na labarin ƙwallon ƙafa Captain Tsubasa, suna sake rubuta abota da hamayyarsu a matsayin soyayya. Su da kansu suka raɗa wa aikin suna yaoi, daga farkon kalmomin wata jimlar Japananci mai nufin babu ƙololuwa, babu kammalawa, babu ma'ana.

Wannan ɓangaren ne na waje ya fi kasa ganewa. Daɗin ba a karatu kaɗai yake ba, yana cikin farauta. Labaran samari cike suke da maza biyu da ke mutuwa don juna, ko abokan gaba da ba sa tunanin kowa sai juna, mata kuwa an ajiye su a gefe suna tafi. Mai karatu sai ta ce, ai ga inda zafin labarin yake. Ta ɗauki kallo ɗaya, ko jimla ɗaya da aka faɗa a filin wasa, ta gina gida a kai, ta kai wa ƙawayenta su yi ta musu. Har tsarin rubuta sunayen masoyan yana da doka: wanda aka fara ambata shi ne mai nema, kuma juya sunayen na iya raba ƙawance. A farkon shekarun 2000 aka fara yi musu gori da kalmar fujoshi a intanet. Lafazinta ɗaya da wata tsohuwar kalma mai nufin mata, amma an sauya harafin farko da wanda ke nufin ruɓa, ta koma ruɓaɓɓiyar yarinya. Suka karɓi sunan suka mayar da shi tuta. Mace da ta ce ita ruɓaɓɓiya ce ta riga ta sanar cewa ba ta takarar zama matar kirkin da aka tsara mata.

Sai dai daidaiton nan da ake yabo yana da ɓaraka, kuma ba ƙarama ba. Mafi yawan labaran sun raba masoyan gida biyu: seme, mai kai hari, da uke, mai karɓa, kalmomin da aka aro daga wasannin faɗa na gargajiyar Japan. Na farkon dogo ne, mai kuɗi, mai iko. Na biyun ƙarami ne, mai kunya, sau da yawa shi ke girki. Wato mijin da matar da aka kora ta ƙofa sun dawo ta taga. Mafi muni, tsofaffin labarai da yawa sun nuna tilastawa a matsayin shaidar tsananin so, wanda aka zalunta kuma ya ƙare da son azzaluminsa. Masu kare fannin suna cewa mafarki ne, kuma sanya abin a jikin namiji ya ba mata damar duban abin da suke tsoro daga nesa. Na fahimci hujjar, amma ban gamsu da ita duka ba. Labarin da ya koya wa yarinya cewa rashin jin a'a alamar ƙauna ce ya cutar da ita, ko wane jinsi aka zana. Haka kuma ƙarancin shekarun jaruman wasu labaran abin ƙi ne da bai kamata a lulluɓe shi da sunan fasaha ba. Masu karatu da marubuta na yanzu da yawa sun juya wa waɗannan baya, kuma matsin ya fito ne daga cikin gida.

Ƙorafi mafi nauyi ya zo a 1992, daga bakin waɗanda ake zanawa. Wani ɗan gwagwarmaya mai neman maza, Masaki Sato, ya yi rubutu mai zafi a wata ƙaramar mujallar mata mai suna Choisir. Ya zargi masu yaoi da mayar da irinsa kayan kallo, kamar yadda maza ke yi wa mata. Ya ce jarumansu duk kyawawa ne, ba su san wariya ba, kuma kullum suna rantsuwa cewa su ba masu neman maza ba ne, kamar abin ƙazanta ne. Mata suka mayar da martani cewa ba shi suke zanawa ba, mafakarsu ce suka gina. Aka yi shekaru ana kai-komo a shafukan mujallar. Dukansu suna da gaskiya, kuma wannan ne ya sa muhawarar ta yi ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ita ta san abin da take gudu, shi kuma ya san cewa fuskarsa aka ara aka yi abin rufe fuska. Maza masu neman maza a Japan ma suna da nasu fannin zanen daban, wanda ya taso a mujallu irin su Barazoku da aka kafa a 1971, da fitattun masu zane irin su Gengoroh Tagame, kuma siffar mazansu, masu ƙiba da gashi da ƙarfi, ba ta kama da ta BL ko kaɗan.

Rigimar ta bar tabo mai amfani. Masaniya Akiko Mizoguchi, wadda ta ce labaran shekarun 1970 ne suka taimaka mata ta gane kanta a matsayin mace mai son mata, ta wallafa littafi a 2015 tana nuna yadda fannin ya sauya: jarumai sun fara amsa sunansu, suna fuskantar iyaye da wurin aiki. Shaidarta ta kuma tuna mana cewa masu karatun ba iri ɗaya ba ne. Akwai mata masu son mata, akwai maza da ake kira fudanshi, akwai waɗanda ba su sami kansu a labarin namiji da mace ba ko ta wace fuska.

Daga Japan abin ya tsallaka. A Tailan ya koma wasannin talabijin, daga Love Sick a 2014 zuwa 2gether a 2020, wanda ya samu 'yan kallo a ƙasashe da yawa lokacin kullen korona. A ƙasar Sin ana kiransa danmei, kuma ya bunƙasa a shafin Jinjiang da aka kafa a 2003, duk da hukuma na sa masa ido: a 2018 an yanke wa wata marubuciya da aka sani da Tianyi ɗaurin sama da shekara goma. Ko'ina aka je, mata matasa ne ƙashin bayan kasuwar, a al'ummomin da ke matsa wa 'ya mace kan aure da haihuwa.

Misalin da ya fi nuna nisan tafiyar shi ne Kino Nani Tabeta?, wato me ka ci jiya, na Fumi Yoshinaga, wadda ta fito daga duniyar BL da Comiket. Tun 2007 yake fitowa a Morning, mujallar da manyan maza ma'aikata suka fi karantawa, kuma an mayar da shi wasan talabijin a 2019. Labarin masoya maza biyu ne da ke zaune tare: Shiro lauya ne, Kenji mai gyaran gashi, dukansu sun haura arba'in tun farkon labarin, suna kuma tsufa tare da masu karatu. Babu makarantar kwana, babu mutuwa don so. Shiro yana bin kanti yana neman rangwame don kada kuɗin cefane ya wuce yen 25,000 na kuɗin Japan a wata, yana dafa abinci, yana ɓoye rayuwarsa a ofis, yana fama da iyayen da ke ƙoƙarin fahimtarsa suna kasawa. A Japan ɗin da suke zaune, gundumomin Shibuya da Setagaya na birnin Tokyo sun fara ba irinsu takardar shaidar zama tare a 2015, wata kotu a Sapporo kuma ta ce a 2021 hana su aure ya saɓa wa tsarin mulki. Amma takardar gunduma ba ta ba da gado. Shi ya sa tun da daɗewa wasu ke bin wata hanya: babban ya yi rajistar ƙaramin a matsayin ɗan riƙonsa, ko da 'yan watanni ne tsakaninsu, don su shiga kundin iyali ɗaya, asibiti ta bar ɗaya ya tsaya a kan ɗaya ranar da ciwo ya zo.